Shaidar Kawu Mai Hoto

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki, da wannan baƙon da ke ta shure-shure a ciki bai gaishe da kowa ba tukuna. Yaya nauyin jiki? Yaya kumburin ƙafar? Ki riƙa ɗora ta a kan matashi yadda na ce, ba wai ki ce mini to a waya ki koma tsayuwarki ba. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwa, ita kuwa ta riga ta zama 'yar gida.

Kin ce me ya kai ni rubutu alhali ga waya. Ai ke ce dalili. Da na buɗe baki sai ki ce Mama a taƙaice, ni kuwa ban iya taƙaicewa ba, rayuwata duka a gaban allo na yi ta ina bayani. Don haka zan rubuta abina a takarda, in ɗauki hotonta in turo miki, ki karanta ko a kwance.

To ga inda aka kwana game da tafiyata. Na je wurin masu fasfo da sabon mayafina, ina ganin a ranar za a gama komai. Yarinyar da ke kan tebur ta juya takarduna, ta ce ina takardar haihuwa. Na ce ga ni zaune a gabanki, wace shaida ce ta wuce wannan? Ta yi dariya ta ce ita ma ta yarda, amma kwamfuta ba ta yarda ba, sai na kawo daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na jiha. Ke Auta, ni da aka ɗauke ni makaranta don na ɗora hannu bisa kai na taɓo kunnena! Na yi karatu, na yi aiki, na yi aure, na haife ku, na yi ritaya, ba wanda ya taɓa shakkar an haife ni sai yanzu da furfura ta gama gari.

Ofishin kin san shi, dogon ginin nan mai baranda da muke wucewa in za mu asibiti. Ke gini kawai kike gani. Ni kuwa rabin yarintata a bakin ƙofarsa na yi ta, don a nan Kawunki ya yi sana'arsa ta hoto tun yana saurayi. Da akwai wata babbar bishiya a gefen ƙofar, a jikinta yake ɗaure farin ƙyalle, ya ajiye benci a gabansa. Kyamararsa akwati ce mai ƙafa uku, da baƙin zane da yake cusa kai a ciki. Yana da mataji, da ɓallin madubi, da kwat guda ɗaya tal wadda rabin mazan garin nan suka yi hoto da ita, mai ƙiba da siriri duk ita ce. In ya wanke hotuna a bokiti sai ya jera su a igiya, ki ga fuskokin mutane suna ta lilo a iska. Ni ke kai masa abincin rana in na taso daga makaranta, in zauna a kan akwatin kayansa ina kallon yadda yake tsawata wa manyan mutane su ɗaga kai, su kuma su ɗaga ba musu.

Yanzu an sare bishiyar, an shafe wurin da siminti, motoci ke kwana a kai. Na tsaya a wurin har mai gadi ya tambaye ni ko na yar da wani abu ne.

Abin dariyar shi ne duk wanda ya shiga ofishin nan a zamaninmu da hoton Kawunki ya shiga, amma mu 'yan gidan ko sau ɗaya ba mu taka ciki ba. Duk sanda Inna ta yi maganar a yi wa yara takarda, sai Baba ya ce ai kusa ne, ga ɗansa a bakin ƙofa, ko yaushe aka ga dama a yi. Kusancin nan shi ya cuce mu. Mutanen ƙauye suka yi ta zuwa daga nesa suna yin tasu, mu muna zaune a inuwa muna yi musu sannu da hanya.

Na shiga, na bi layi, na samu wata ma'aikaciya mai gilashi, ba ta wuce sa'ar yayarki ba, mai haƙuri sosai. Ta ce tunda ba a rubuta ni a lokacin ba, sai na kawo shaida. Shaidar kuma sai ɗan'uwa na jini wanda ya girme ni, ya zo da ƙafarsa, ya amsa tambayoyi, ya nuna ni da bakinsa, ya dangwala yatsa. Iyaye ake fara nema, in ba su da rai sai na kawo takardar mutuwarsu tukuna. Na ce wato kafin a yarda an haife ni sai na tabbatar iyayena sun mutu? Ta ce Mama ba ita ta tsara ba. Na ce na sani, wanda ya tsara ai ba ya zama inda za a gan shi.

A hanyar gida na yi ta lissafin waɗanda suka girme ni, ina farawa ina cewa Allah ya jiƙansa. Gwaggo ta tafi, ƙannen Baba duk sun tafi, 'ya'yansu da suka rage duk na goya su. Saura mutum ɗaya, Kawunki, kin kuwa san halin da gigin tsufa ya sa shi.

Ba na so in ɗaga miki hankali, amma ba zan ɓoye miki ba, na damu. Duk yayyenki ina riƙe da hannunsu suka haihu. Ba zan iya tunanin ke, ƙaramarsu, kina naƙuda a wata ƙasa tsakanin baƙi ba, babu mai shafa miki baya. Ga fasfo bai fito ba, balle izinin shiga, watanki kuma ba jira zai yi ba. Ki taya ni da addu'a.

Ki gaishe da maigidanki, ki ce na ji labarin girkin da ya yi miki, Allah ya ba ki haƙuri.

Mamanki.

*

Autata,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Na ji daɗi da likita ya ce komai na zaune daidai. Ki rage hawan benen nan, ki bar maigidanki ya riƙa sauko da kayan shanya, ba a kansa aka fara ba.

Takardun mutuwa sun samu, duka biyun. Ta Baba ba ta ba ni wuya ba. Tunda a asibiti ya cika, su suka aika da sunansa tun a lokacin. Mai Gilashi ta danna kwamfuta sai ga shi ya fito. Baba dai ko bayan ransa bai iya wahalar da mutum ba.

Ta Inna ce aka yi zama. A gida ta rasu, ba wanda ya kai rahoto, saboda haka aka ce ni da nake wurin in ba da shaida. Aka tura ni tagar ƙarshe, can ƙuryar baranda. Bencin wurin ba irin na masu haihuwa ba ne. Can ana ta hayaniya, jarirai na kuka, ana musun suna. Nan kowa ya sunkuyar da kai da takardar asibiti a hannu. Duk sabon rashi ne da su, ni kaɗai na zo da tsohon rashin da ya girmi wasunsu. Har kunya ta kama ni, kamar na zo cin rabon wani.

Ma'aikacin wurin wani mutum ne mai sanƙo, ba ya ɗaga ido daga kwamfuta. A ina ta rasu, da wane ciwo, wa ke wurin. Ina amsawa, ɗakin na dawo mini. Ke ba ki san ɗakin ba, an rushe shi kafin a haife ki. Gado ne a dama, keken ɗinkinta a ƙarƙashin taga don ta samu haske, sai kwandon guntayen yadi da muke sata mu yi wa 'yar tsana kaya. Da hantsi ne, ta ce a buɗe taga zafi ya dame ta. Ni ina riƙe da kanta, Kawunki na zaune a ƙarshen gado yana matsa mata ƙafa. A iya sanina ranar ce kaɗai ya bar bishiyar nan ba kowa a ranar aiki. Akwai wata rigar makaranta ta 'yar maƙwabta a ƙarƙashin allura, an ɗinke hannu ɗaya. Har ta daina magana idonta na kan rigar nan, na san so take ta ce a ƙarasa wa yarinyar. Ni na ƙarasa bayan kwana biyu, hannun ya fito a karkace.

Kin taɓa tambayata don me ba mu da hoton Inna alhali ɗanta mai hoto ne. Ya roƙe ta har ya gaji. Kullum sai ta ce ya bari ta ɗinka wa kanta rigar da ta dace, kullum kuma yadin wani ne a kan keken.

To ana cikin tambayoyi sai na ji mai sanƙo ya ce sana'a, kafin in buɗe baki ya amsa wa kansa, wai babu. Auta, ban san sanda na miƙe ba. Na ce malam goge! Na ce keken nan shi ya sa mana sutura, shi ya kai ni makarantar horon malamai, shi ya sayi akwatin hoton da ya ciyar da gida biyu, kai ka zauna ƙarƙashin fanka ka ce babu? Sai a lokacin ya ɗaga kai ya dube ni. Ya ce Mama yi haƙuri, sabo ne. Ya goge ya rubuta mai ɗinki. Na ce ya juyo da kwamfutar in gani da idona, ya juyo.

A cikin mota na buɗe takardar. Layi kaɗan ne, sunanta, sunan mahaifinta, mai ɗinki, ta rasu a gida. Na yi kuka har matar da ke kusa da ni ta yi mini gaisuwa, ta ce yaushe aka yi rashin. Na ce mata an ɗan kwana biyu.

Saura maganar da na fara yi miki a waya layi ya katse. Ina fitowa wani mai jaka a hammata ya tare ni a bakin ƙofa, irin masu shawagi a wurin nan. Ya ce ya ji matsalata, wai abu mai sauƙi ne. Akwai wani dattijo a shagon shayi na baya, aikinsa ke nan, ya zama yayan mutane da yawa a ofishin nan kuma ba a taɓa samun matsala ba. A gaya masa sunayen iyaye da unguwa, ya haddace kafin shayinsa ya huce. Na leƙa na gan shi. Farin gemu, farar riga, ga natsuwa. Wallahi in aka jera shi da Kawunki aka ce wane ne yayan mutum, shi za a nuna. Na ce wa mai jakar zan yi shawara.

Gobe zan je gidan Kawunki in ga yadda jikin yake. Ki huta sosai, ki sha ruwa.

Taki har kullum,
Mama.

*

Auta,

Ina gaishe ki, ina kuma fata fushin ya sauka. Ni nawa bai gama sauka ba, shi ya sa na ɗauki biro. Yaya jikin?

Kin ce in ɗauki dattijon shagon shayi a wuce wurin, wai ba ƙarya ba ce tunda dai da gaske an haife ni. Kin ce in tausaya wa Kawu, kar in ja shi cikin rana. Na san tsoro ne ke magana da bakinki, ba rashin kunya ba. Ni ma tsoron nake ji. Amma bari in gaya miki abin da na gani.

Na same shi a kujerarsa ta bakin ƙofa, tsaf da shi, matarsa ta yi masa aski, Allah ya saka wa matar nan. Ya amsa sallamata da fara'a, ya ce sannu baiwar Allah, wa kike nema? Na ce ƙanwarka ce. Ya ce ai ba ta taso daga makaranta ba, in zauna in jira ta.

Na zauna. Na ce ya ba ni labarin ranar da aka haife ta. Ke, sai ga mutum ya gyara zama! Ya ce ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, aka aike shi kiran ungozoma, yana gudu takalminsa ɗaya ya faɗa kwata ruwa ya tafi da shi. Sabon takalmi ne, bai yi sati da shi ba. Ya tsaya nema, ya manta da aiken. Ko da ya tuna ya kai matar gida, an riga an haihu, maƙwabciya ce ta karɓa. Aka nuna masa jaririya, ya ce shi a mayar da ita a ba shi takalminsa. Bai rage ko kalma ba, yadda Inna ke ba mu labarin haka ya ba ni, har da kalar takalmin.

Na ce Yaya, ni ce jaririyar nan. Ya dube ni ya yi dariya irin ta ladabi, ya ce haba baiwar Allah, ai ke kin yi jika da ita. Na gwada ta kowace hanya har la'asar. Na kira sunan Inna, na kira na Baba, na yi masa waƙar da yake yi mini in ina kuka. Ya raka ni waƙar har ƙarshe, sannan ya tambaye ni a ina na koya.

Kin ga inda abin yake. Shaidar tana nan a kansa garau, ni ce dai ba ya gani. Mai Gilashi kuwa ta ce dole ya nuna ni da bakinsa.

Na kuma san abin da ba ki faɗa ba. In na kai shi ya ce bai san ni ba, shi ke nan, ofis sun ga yayana na gaskiya, ba dama in koma washegari da wani yayan. Na auna wannan, na sake aunawa. Amma Auta, takardar Inna na cikin jakata, wadda na yi faɗa a kan kalma ɗaya don kar a yi mata ƙarya. Yanzu in je in ɗauko mutumin da bai taɓa ganinta ba ya dangwala yatsa a kan shi ɗanta ne, alhali ɗan nata na zaune a bakin ƙofa da ransa? Hannuna ba zai iya ba. Wanda ya rasa takalmi saboda ni shi zan kai.

In abin bai yiwu ba, ban iso kan lokaci ba, ki yafe mini. Ban fi son takarda a kanki ba, Allah ya sani.

Mamanki mai taurin kai.

*

'Yar Autata,

Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki. Ina fata kina zaune, in a tsaye kike ki nemi wuri. Kar ki tsallaka zuwa ƙarshe, na san halinki.

Da safe muka ɗauke shi a tasi, ni da matarsa. Ta sa masa rigarsa mai aljihu biyu. Duk hanya yana ta kallon taga. Muna sauka a bakin ƙofar ofis ya ja ya tsaya, ya dubi dama, ya taka da sandarsa har daidai inda bishiyar take, tsakanin motoci biyu. Ya tambayi mai gadi wa ya ɗauke masa benci. Mai gadi ya dube ni, na yi masa alama, ya ce Baba an shigar da shi ciki saboda rana. Da haka muka samu ya shiga.

Mai Gilashi da kanta ta kawo masa kujera. Ta tambayi sunansa, ya faɗa. Sunan mahaifi, sunan mahaifiya, ya faɗa ba gargada. Ta ce yana da ƙanwa? Ya ce ƙwarai, ya kama labarin takalmi. Mutanen da ke layi suka matso, aka yi ta dariya, shi kuwa ya samu 'yan kallo sai ƙara gishiri yake. Zuciyata ta fara kwanciya.

Sai ta nuna ni ta ce Baba, wannan fa, ka san ta? Ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya ce baiwar Allah ce mai kirki, tare suka zo a mota. Ta sake tambaya ta wata hanyar, ta ce ko tana kama da wani a gidanku? Ya ce shi dai ba zai yi ƙarya ba, yau ya fara ganinta. Matarsa ta sa gefen mayafi a ido. Mai Gilashi ta cire gilashin ta goge, ta ce Mama ki yi haƙuri, ba za ta iya rubuta abin da bai faɗa ba. Na ce na sani 'yata, ni ma ba zan so ki rubuta ba. A raina kuwa ke nake gani, kwance a gadon asibiti kina waiwayen ƙofa.

Ta ce tunda na zo, bari ta ɗauki hotona ta ajiye a fayil, ko Allah zai sa wata rana ya tashi da sauƙi. Na san lallashi ne, amma na bi ta. Ta zaunar da ni a jikin farin bango, ta juyo da wata 'yar kyamara da ke maƙale a kan kwamfuta. Ni kuwa kuka ya ci ƙarfina, kaina sai rawa yake. Ta ce Mama ki ɗan tsaya. Ta ɗauka bai yi ba, ta sake bai yi ba.

Sai na ji sanda ta faɗi a ƙasa. Kafin matarsa ta kama shi, Kawunki ya miƙe ya taho, mutumin da sai an riƙe shi yake hawa matakala. Ya ce wa Mai Gilashi yarinya ba haka ake yi ba, wa ya koya mata ɗaukar mutum taga na bayansa? Ya sa aka ja kujerata gefe. Ya gyara mini mayafi a kafaɗa, ya sa yatsu biyu a haɓata ya ɗaga, ya ja da baya ya kanne ido ɗaya. Hannunsa ko rawa ba ya yi. Ni kuwa da na ji yatsun nan a haɓata sai kan ya ƙara kaɗawa.

Ya daka mini tsawa. Ya ce, “Ke Ƙadangaruwa! Wai sai yaushe za ki koyi tsayar da kan nan? Kullum sai kin ɓata mini aiki!”

Wannan sunan ba ki taɓa jin sa ba, don duk wanda ya san shi na riga na yi masa kashedi tun kafin in yi aure. Shi ya laƙaba mini, wai kaina ba ya zama wuri ɗaya sai ka ce ƙadangare a kan katanga. Na tsani sunan nan, na sha kai ƙararsa wurin Inna a kansa. Yau da na ji shi a gaban jama'a, da furfurata da komai, ban taɓa jin abin da ya yi mini daɗi kamarsa ba.

Mai Gilashi ba ta yi gaggawa ba. A hankali ta ce Baba, wace ce wannan ɗin? Ko juyowa bai yi ba, ya amsa a fusace kamar an tambaye shi abin banza. Ya ce, “Ƙanwata ce mana, uwa ɗaya uba ɗaya. Wa ke da irin wannan kan in ba ita ba?” Ya sake kama haɓata ya ce kar in kuskura in ƙifta. Ban ƙifta ba. Hawaye na zuba, idona a buɗe, ya ce wa Mai Gilashi yanzu, ta danna.

Ta tura masa tawada, ya dangwala yatsa, ya goge a gefen rigarsa matarsa na salati. Wani a layi ya fara tafi, mai sanƙo na tagar ƙarshe har ya leƙo ya ga me ake yi. Mai Gilashi ta ce takardar nan ba za ta kwana a ofis ba, mu zauna. Muka zauna a benci, hannuna cikin nasa, yana ta yi mini faɗa wai na bar kwanon abincinsa a ina. Na ce na manta, Yaya. Ya ce ai ya sani, halina ne. Kafin a tashi aiki aka kira sunana aka miƙo mini, da hatimi da komai.

Takardar na gabana yanzu. Hoton ba kyau, idanu sun kumbura, hanci ya yi ja, in kika yi dariya Allah ya isa. Amma kan a tsaye yake cak. Jibi da sassafe ina wurin masu fasfo, na riga na kira yarinyar nan ta ce in zo kai tsaye. Ki gaya wa baƙon nan ya yi haƙuri ya jira kakarsa, in ya yi gaggawa ni da shi ne.

A hanyar komawa yana riƙe da hannuna har muka wuce asibiti. Daga nan na ji ya sassauta, ya zare hannunsa a hankali, ya matsa jikin ƙofa don ya ba ni wuri. Ya ce sannu baiwar Allah, ina fata ba mu takura ki ba. Na ce ko kaɗan. Ban yi kuka ba, na riga na ƙarar da shi a ofis. Ina murna, Auta, kuma ina jin tsoro, don ban san ko zan dawo in same shi ba. Na faɗa wa matarsa haka, ta ce in tafi, mai zuwa ya fi buƙatata, shi tana nan.

Da muka sauke shi a ƙofar gida ya zauna a kujerarsa, na yi masa sallama. Har na juya ya kira ni. Ya ce in na ga ƙanwarsa a hanya in gaya mata hoton nan ya yi, ta zo ta karɓa. Na ce zan gaya mata.

Ki gaishe da maigidanki, ki ce ya fara share ɗakin baƙi. Kar ki kira ni gobe da hantsi, ba na gida. Zan je wurin Kawunki, an ce in zo in karɓi hotona.

Ni ce mai ƙaunarki,
Mamanki.